Katin da Ya Gagari Masu Shi

Katuna huɗu sun isa a gama da mutum tun bai gyara zama ba. A ƙarshen shekarar 1993, a shagunan wasanni na Amurka, ɗan wasa kan ajiye katin fili guda mai hoton dutse, ya bi shi da wani kati mai hoton baƙin fure, Black Lotus, wanda ba a biyan komai kafin a ajiye shi, amma yana ba da makamashi uku nan take, makamashi kuwa shi ne abin da ake biya da shi kafin a ajiye kati. Da biyu daga cikin ukun sai ya kunna Channel, katin da ke ba mutum damar sayar da ransa, kowane maki ɗaya na rai a bakin makamashi ɗaya. Da maki 20 kowa yake fara wasa. Sai ya sayar da 19, ya haɗa da ɗayan da ya rage masa, ya kunna Fireball da jan makamashin dutsen nan, ya harba dunƙulen wuta mai cin maki 20 cif. Abokin karawa yana riƙe da katunansa bakwai, bai ajiye ko ɗaya ba, an riga an tashi wasa.

Sunan wasan Magic: The Gathering, kuma shi ne kakan duk wasannin katin da ake saye ana tarawa ana gasa da su. Wanda ya saba da dara ko karta zai so a nuna masa inda aka raba hanya. A dara kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ba wanda ya fi wani sai a kai. A karta dami ɗaya ake cakuɗawa a raba, abin da rabo ya ba ka shi ke nan. A nan kuwa kowa daga gida yake zuwa da daminsa, wanda ya zauna ya tsinta kati-kati daga cikin ɗaruruwa, yau ma dubbai, da kamfani ya buga. Rabin wasan an yi shi tun kafin a zauna. Katunan kuma a fakiti rufaffe ake sayar da su, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya farke. Saboda haka kati ɗaya yana da fuska biyu, abin wasa ne kuma dukiya ce, kuma da zarar tawada ta bushe a kansa ba mai iya gyara abin da aka rubuta. Duk gardamar da aka shafe shekara talatin ana yi a kan ƙarfin katuna daga nan ta tsiro.

Richard Garfield ne ya ƙirƙiri wasan, lokacin yana karatun digirin digirgir a fannin lissafi a Jami'ar Pennsylvania. A 1991 ya kai wa Peter Adkison, shugaban wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Wizards of the Coast da ke kusa da Seattle, tallan wani wasan allo da ya kira RoboRally. Adkison ya ga kuɗin buga shi ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya nemi abu mai sauƙin ɗauka wanda za a iya gamawa cikin 'yan mintoci. A watan Agustan 1993 aka fito da Magic a babban taron masu wasanni na Gen Con da ke Milwaukee. Bugun farko, wanda ake kira Alpha, katuna iri 295 ne, kuma kowane kati mai wuyar samu an buga dubu ɗaya da 'yan kai kawai.

Garfield bai jahilci cewa wasu katunansa sun fi wasu ƙarfi ba. A dubi wasu 'yan biyar da ya yi, ɗaya ga kowane launi daga launuka biyar na katunan wasan, kowanne farashinsa makamashi ɗaya, kowanne yana ba da abu uku. Na fari, Healing Salve, yana ƙara rai uku. Na ja, Lightning Bolt, yana cin maki uku. Na kore yana ƙara wa halitta ƙarfi uku, na baƙi yana ba da makamashi uku. Na shuɗi kuwa, Ancestral Recall, yana sa ka ja sababbin katuna uku. A takarda ukun duk ɗaya ne. A kan tebur, rai uku kusan ba komai ba ne, kati uku kuma su ne wasan gaba ɗaya. Maganin da Garfield ya dogara da shi shi ne ƙaranci: ya sa na shuɗin cikin masu wuyar samu, sauran huɗun ya bar su a cike a kasuwa. Lissafinsa shi ne mutum zai sayi dami ɗaya ko biyu da 'yan fakitoci, kamar yadda yake sayen wasan allo, ya yi ta bugawa da abokansa, a unguwa guda da wuya a sami baƙin fure fiye da ɗaya. Ya kuma sa wata ƙa'ida cewa kafin a fara, kowa zai ajiye kati ɗaya daga daminsa, wanda ya ci ya kwashe, don katuna su riƙa yawo daga hannu zuwa hannu.

Lissafin ya yi kyau, kasuwa ce ba ta bi shi ba. Mutane suka riƙa saye kwali-kwali. Tun da dokar farko ba ta ƙayyade yawan kati iri ɗaya a dami ba, masu hali suka cika daminsu da baƙin fure da Channel da Fireball, suka mai da wasan mintoci ashirin ya koma na daƙiƙa talatin.

A watan Janairun 1994 hukumar gasa da kamfanin ya kafa, Duelists' Convocation, ta fitar da dokokin da har yau su ne ƙashin bayan wasan: dami kada ya gaza kati 60, kati iri ɗaya kada ya wuce huɗu in ba katin fili na yau da kullum ba, wasu katuna an taƙaita su zuwa ɗaya tak, wasu an hana su ɗungurungum. Katunan da ke aiki da ƙa'idar ajiye kati aka fara kora, saboda sun yi kama da caca. Tare da su aka kori wani kati da mai karatun Hausa zai gane sunansa, Shahrazad. Garfield ya ɗauko jerin katuna na biyu, wanda ya fito a Disambar 1993, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, ya kuma yi wa gimbiyar mai ba da labari kati daidai da halinta. Idan aka ajiye shi, sai a dakatar da wasan da ake yi, a fara wani sabo a cikinsa da ragowar katuna, wanda aka cinye a ƙaramin ya koma babban da rabin ransa. A cikin ƙaramin ma ana iya sake ajiye wani Shahrazad. Ƙarfi bai sa aka hana shi ba, lokacin da yake ci ne ya sa, don gasa ba ta jiran labari cikin labari. Jerin hani na farko ya kuma yi kurakurai. An taƙaita katuna irin su Dingus Egg da Orcish Oriflamme da aka ɗauka dodanni ne, cikin 'yan watanni aka gane ba su kai ba, aka sake su.

Fuskar dukiya ba ta daɗe ba ta bayyana. Sabon ɗan wasa da ya shigo a 1995 ya tarar katunan farko sun ƙare a shaguna, farashinsu ya yi sama. Kamfanin ya gwada magani biyu. Na farko shi ne raba gasa gida biyu, ɗaya da ake shiga da tsofaffin katuna, wanda yau ake kira Vintage, ɗaya kuma da ba a shiga sai da katunan kwanan nan, wanda ya zama Standard, inda kowane kati ke da wa'adi. Na biyu shi ne sake buga tsofaffin katuna da yawa a jerin Chronicles na Yulin 1995. Wannan ya karya farashin abin da mutane suka tara, masu tarawa da masu shaguna suka yi ca. A Maris 1996 kamfanin ya lallashe su da alkawarin cewa akwai jerin katuna da ba zai sake bugawa ba har abada, Black Lotus na ciki. Alkawarin na nan har gobe. A 2021 an sayar da baƙin fure ɗaya na bugun Alpha, wanda rufin da aka sa shi a ciki ke ɗauke da sa hannun mai zanensa Christopher Rush, a kan dala 511,100, kuma wanda bai gaji tsofaffin katuna ba, gasar Vintage ta kati a hannu ta yi masa nisa.

A daidai wannan lokaci 'yan wasa suka fara gano abubuwan da ba a rubuta a littafin dokoki ba, kuma wannan shi ne ɓangare mafi daɗi a tarihin. Brian Weissman, wani ɗan wasa a Kalifoniya, ya haɗa dami da ya shahara har ba a kiransa da wani suna sai The Deck, wato Damin kawai. Halittun kai hari biyu rak ya sa a ciki, Serra Angel guda biyu. Sauran duk na tarewa ne, da rushe abin da abokin karawa ya ajiye, da sa shi zubar da na hannunsa, da jan ƙarin kati. Hujjarsa ita ce maki 20 na rai ba su ne ma'aunin wanda ke gaba ba. A ƙirga katuna. Duk lokacin da katinka ɗaya ya cinye biyu na wani, ka matsa gaba, kuma wanda hannunsa ya bushe ya riga ya faɗi ko da ransa bai ragu ba.

Daga Atlanta aka ba shi amsa. A 1996 Paul Sligh ya kai wasan ƙarshe na wata gasar share fage da wani jan dami da Jay Schneider ya tsara. Waɗanda suka ga jerin katunan sun ɗauka wasa ake yi, domin ƙananan halittu ne da ba wanda ke kallonsu. Har akwai Goblins of the Flarg, halittar da ke mutuwa in mai ita ya ajiye wada a fili, ga kuma wadanni a damin. Abin da Schneider ya lissafa shi ne farashi: katuna nawa masu makamashi ɗaya, nawa masu biyu, nawa masu uku, ta yadda a kowane zagaye ba ɗigon makamashin da zai kwana. Kafin mai manyan katuna ya shirya, ƙananan sun cinye shi. Tun daga nan kowane mai haɗa dami yake zana wannan lanƙwasar farashi kafin ya sa kati ko ɗaya. A 1999 Mike Flores ya ƙara wata tambaya da ta zama karatun farko ga masu gasa: a wannan zaman, wa ya kamata ya kai hari, wa ya kamata ya tare? Wanda ya ɓata wajen gane matsayinsa shi ke faɗuwa, ko da daminsa ya fi kyau.

Darasin Weissman ne ya haifi babbar rigima ta farko. A jerin Ice Age na 1995 akwai wani baƙin kati, Necropotence, wanda ya hana ka jan katin da kowa ke ja a farkon zagaye, ya ce in kana son kati ka biya da rai, maki ɗaya kati ɗaya. Da yawa sun raina shi. Wa zai yanki jikinsa don ya ci? Amma wanda ya fahimci cewa makin ƙarshe kaɗai ke kashe mutum ya ga rai goma sha tara da za a iya canzawa zuwa katuna. Abin da ya daɗe yana taka masa birki wani ƙaramin kati ne, Black Vise, mai azabtar da duk wanda hannunsa ya wuce kati huɗu. A Fabrairun 1996, watan da aka yi gasar ƙwararru ta farko a birnin New York, hukumar ta taƙaita Black Vise saboda ƙorafin da ake yi a kansa. An kashe kyanwa, ɓera ya sami gari. Watannin da suka biyo baya har yau 'yan wasa na kiransu baƙin bazara, domin duk teburin da ka leƙa baƙin dami ne. Hukumar ba ta taɓa Necropotence ba a lokacin. Ta bar 'yan wasa su nemo magani, kuma a gasar duniya ta shekarar, Tom Chanpheng na Ostareliya ya doke Mark Justice da daminsa na Necropotence, da ƙananan fararen mayaƙa waɗanda baƙin sihiri ba ya kama su. Masu ƙin hana kati sun daɗe suna kafa hujja da wannan nasara. Sukan manta cewa a watan Oktoba sai da aka taƙaita biyu daga cikin mataimakan baƙin damin, Hymn to Tourach da Strip Mine.

Shekara biyu bayan haka aka shiga halin da ba ɗan wasan da zai iya magancewa. Jerin Urza's Saga ya fito a Oktoban 1998 ɗauke da Tolarian Academy, katin fili mai ba da makamashi ɗaya a kan kowane katin kayan ƙira da ka ajiye, ga kuma kayan ƙira da yawa da ba a biyan komai a kansu. Mutum zai zube hannunsa, ya tatsi filin, ya sake ɗana shi da wani kati, ya ja sabon hannu, ya sake tatsa, abokin karawa na zaune yana kallo kamar ɗan rakiya. Tommi Hovi na ƙasar Finland ya ci gasar ƙwararru ta birnin Rum a Nuwamba da wannan dami. 'Yan wasa suka riƙa faɗa a tsakaninsu cewa farkon wasa shi ne jefa kwabo don a san mai farawa, tsakiyarsa duba hannu, ƙarshensa kuma zagayen farko. Mutane suka fara ajiye wasan. A Disamba aka hana Academy da Windfall. A Maris 1999 aka ƙara wasu shida, kuma kafin watan ya ƙare aka yi abin da ba a taɓa yi ba, aka fito da sanarwar gaggawa ta hana Memory Jar, katin da bai fi 'yan makonni a kasuwa ba, bayan Randy Buehler da Erik Lauer sun nuna ɓarnarsa a gasar birnin Vienna. Mark Rosewater, wanda daga baya ya zama babban mai tsara katunan, ya sha ba da labarin yadda aka kira ma'aikatan sashen tsara katuna zuwa ofishin shugaban kamfani aka wanke su tas. Abin da aka yi bayan faɗan ya fi faɗan amfani: aka fara ɗaukar ƙwararrun 'yan gasa aiki don su riƙa gwada katuna kafin a buga. Buehler na cikin na farko.

Shekara biyar aka yi ba a hana kati a Standard ba, sannan wani ɗan ƙaramin abu ya ɓalle. Skullclamp ya fito a Fabrairun 2004. Makamashi ɗaya ake biya a ajiye shi, ɗaya a ɗaura wa halitta. Yana ƙara mata ƙarfi ɗaya, ya rage mata lafiya ɗaya, in ta mutu ka ja kati biyu. Ragin lafiyar nan a ƙurarren lokaci aka sa shi, kuma a ido yana kama da nakasu. To amma ɗauki halitta mai lafiya ɗaya tak, irin wadda ake samu kusan kyauta. Ka ɗaura mata, ta faɗi nan take, ka ja biyu. A cikin biyun akwai wata irinta, ka ajiye, ka ɗaura, ka sake jan biyu. Nakasun ya zama injin. A watan Yuni aka hana shi, Aaron Forsythe na sashen tsarawa ya fito fili ya rubuta yadda abin ya wuce su. A Maris 2005 aka sake sharo katuna takwas a rana ɗaya don karya damin kayan ƙira da ake kira Affinity, bayan masu zuwa gasa sun ragu a zahiri.

A nan ya kamata a tsaya a saurari ɓangarorin biyu, don kowanne na da abin faɗa. Masu ƙin hani na cewa kati mai ƙarfi jarrabawa ce ga masu basira. In dami ɗaya ya mamaye gari, kowa ya san abin da zai tarar, sai ya haɗa abin da zai karya shi, gobe kuma wani ya haɗa mai karya wancan, haka wasan ke juyawa. Suna ƙara da cewa mutum ya tara kuɗinsa ya sayi kati huɗu bisa amana, a wayi gari a ce masa ba a shiga da su, kuma ba mai biyansa. Masu son hani na cewa akwai bambanci tsakanin dami mai ƙarfi da dami mai hana wasa. In zaɓin da ya rage shi ne ka hau shi ko ka haɗa dami don shi kaɗai, to dubban katunan da aka buga sun zama takardun banza, su ma da kuɗi aka saye su. Shi kansa kamfanin bai taɓa alkawarin daidaito ba. A 2002 Rosewater ya rubuta cewa dole a sami katuna marasa ƙarfi, domin ƙarfi a gwada da wani ake gane shi, kuma koyon bambance mai kyau da maras kyau yana cikin daɗin wasan. Maganarsa gaskiya ce a kan katin da ya gaza. Ba ta wanke katin da ya wuce gona da iri ba. In aka jera waɗanda suka jawo bala'i, daga baƙin fure zuwa Academy zuwa Skullclamp, za a ga halinsu ɗaya: suna ba da makamashi ko kati ba tare da an biya abin da ya dace ba. Masu gwaji a kamfani ba su da yawa, lokacinsu ƙayyadadde ne, 'yan wasa kuwa miliyoyi ne, a mako guda sukan buga abin da kamfani ba zai buga a shekara ba. Kuskure ba zai ƙare ba. Abin da za a iya tuhumar kamfani a kai shi ne jan ƙafa bayan kowa ya gani, musamman in katin da ake kuka da shi shi ne ke sa a sayi fakiti.

Tuhumar ta yi ƙarfi a 2011. Katin Jace, the Mind Sculptor ya kai wajen dala ɗari guda, kuma a gasar Dallas ta watan Afrilu duka mutum takwas da suka kai zagayen ƙarshe kowa na da huɗu a daminsa, talatin da biyu ke nan, ba gurbin ko ɗaya. Sai a watan Yuni aka hana shi, saura 'yan watanni wa'adinsa ya cika. A 2017 kamfanin ya kafa sabon sashe musamman don lafiyar gasa. Duk da haka a Oktoban 2019 aka fito da Oko, Thief of Crowns, kati mai makamashi uku da ke mai da kowace halitta ko kayan ƙira wata irin barewa maras wata baiwa. Masu tsarawa sun amsa cewa ba su auna yadda za a riƙa juya wannan a kan katunan abokin karawa ba. A gasar Richmond ta Nuwamba kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan wasa da Oko suka zo. Ranar 18 ga watan aka kore shi, bai cika wata biyu ba.

Sauran wasannin da suka biyo sawu kowanne ya nemi tasa hanyar. Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami, wanda ya fito a Japan a 1999, ba ya yi wa kati wa'adi, don haka jerin hani da taƙaitawa shi ne kusan dukan linzaminsa. Pot of Greed, mai ba da kati biyu kyauta, an hana shi tun tsakiyar shekarun 2000. Hearthstone na kamfanin Blizzard, da ya fito a 2014, a kwamfuta da waya ake buga shi, saboda haka yana iya abin da takarda ba ta iyawa: a kwana a tashi an sauya rubutun kati, kamar yadda aka rage wa Undertaker ƙarfi a Janairun 2015, kuma mai katin yana da damar mayar da shi a ba shi cikakken abin da ake ƙera shi da shi. Can ma gardama ba ta mutu ba. Da aka sauya Warsong Commander a ƙarshen shekarar, masu son damin sun ce kashe shi aka yi, ba gyara ba.

Shekarar 2024 ta tattaro tsofaffin cututtukan wuri ɗaya. A watan Yuni aka fito da Nadu, Winged Wisdom. A gasar ƙwararru ta Amsterdam biyar daga cikin takwas na ƙarshe da shi suka zo, Simon Nielsen na Denmak ya ci kofin da shi. Ranar 26 ga Agusta aka hana shi, Michael Majors, wanda ya jagoranci tsara jerin, ya bayyana cewa an sauya rubutun katin a ƙurarren lokaci, kuma sigar da aka buga ba a gwada ta ba. Labarin Skullclamp ne ya dawo bayan shekara ashirin.

Wata guda bayan haka abin ya faɗa kan waɗanda ba ma'aikatan kamfani ba ne. Commander wani salon wasa ne da 'yan wasa suka ƙirƙira da kansu, mutum huɗu a tebur, kowa da kati ɗari, ɗaya daga ciki shi ne jagoran dami, kuma ya girma har ya zama salon da aka fi bugawa. Wani ƙaramin kwamiti na 'yan sa-kai ne ya riƙe dokokinsa tun farko. Ranar 23 ga Satumba kwamitin ya hana katuna huɗu: Nadu, Dockside Extortionist, Mana Crypt da Jeweled Lotus. Na ƙarshen jikan baƙin furen 1993 ne, an buga shi a 2020, ba a biyan komai a kansa, yana ba da makamashi uku, sai dai don kiran jagoran dami kaɗai. Dalilin kwamitin shi ne wanda ya fara da irin waɗannan katuna yakan tsere wa sauran ukun tun zagaye na biyu. Amma uku daga cikin huɗun masu tsada ne, wasu ma ba a daɗe da sake buga su a fakitoci masu tsada ba. Farashinsu ya rushe cikin sa'o'i. Wasu daga cikin waɗanda suka yi asara suka wuce ƙorafi, suka koma zagi da barazanar kisa ga mutanen da ba a biyansu ko sisi a kan aikin. Asarar gaskiya ce, kuma wanda ya tara kuɗin wata biyu ya sayi kati yana da haƙƙin jin zafi, amma ba abin da zai halatta abin da aka yi wa mutanen nan. Ranar 30 ga Satumba kwamitin ya miƙa ragamar Commander ga Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga katunan yana sayarwa. A Fabrairun 2025 kamfanin ya gabatar da matakai biyar na ƙarfin dami, don 'yan wasa su daidaita tsakaninsu kafin a zauna. A watan Afrilu ya saki katuna biyar daga jerin hani, Mana Crypt da Jeweled Lotus ba sa ciki.